Ƙarfe Biyu da Kwata

Shekara talatin ina gyaran agogon mutane
a ɗan shagona da ke gangaren kogin Douro,
amma agogon da ya fi kowanne cika alkawari
a cikin kaina yake, bayan idon dama.
Ƙarfe biyu da kwata na dare.
Ba ya latti, ba ya neman a murɗa shi.

Yakan shigo kamar ƙusar da aka gasa a wuta.
Idon dama ya kaɗa ya yi ja, ya yi ta zuba shi kaɗai,
na hagu yana kallonsa a bushe.
Na san yawan tayal ɗin kicin ɗinmu,
arba'in da ɗaya, biyu sun tsage,
don a kansu nake kai-kawo
har in je in jingina goshi da ƙofar firji.
Graciete tana bakin ƙofa, rungume da tukunyar oksijin.
Ta koyi kada ta taɓa ni.
Ta koyi haɗiye "sannu",
don a wannan sa'a ko sannu dutse ce.

Ƙwayoyi kuwa, na sha farare, na sha jajaye.
Wata ta rage gudun zuciyata,
wata ta sa yatsuna rawa,
ka kuwa san mai gyaran agogo da hannu mai rawa
kwanan shagonsa ƙidayayye ne.

Likita Pimentel ta juya takardar magani
ta zana mini ƙeyata a bayanta.
Ga jijiyar nan, in ji ta, tana hawa kamar reshe.
Za mu kwantar da waya biyu ƙarƙashin fata,
batir kuma a ƙirji, ƙasan ƙashin wuya,
ya riƙa aika mata ɗan wuta kaɗan-kaɗan.
Na ce, zan warke?
Ta ajiye biro.
Ta ce, ban ce ba. Wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu.
Wannan "ban ce ba" ce ta sa na sa hannu.

Ni da na raina agogon batir tun ina yaron shago,
nake cewa ba shi da ciki, ba shi da numfashi,
ga ni an ɗinke mini batir a jiki.
Da suka kunna,
sai kiyashi suka taso daga wuyana zuwa tsakar kai,
jere, ba sa cizo.
Aka ba ni rimot.
Jikata Benedita ta ɗauka, ta saita ni da shi,
wai za ta canja wa kaka tasha.

Sati shida, babu abin da ya canja.
Ƙusa ta zo, kiyashi suna tafiyarsu,
kowa harkar gabansa.
Waya ɗaya ta goce, aka sake buɗe ni.

Sai wata Laraba cikin watan Maris
kukan tsuntsayen teku ya tashe ni.
Haske a labule.
Na lalubi agogo: bakwai saura ashirin.
Tsoro na fara ji, kafin komai.
Graciete tana zaune a kujerar kicin, barci ya sace ta,
hannunta ɗaya a kan tukunyar,
ta yi ta jiran baƙon da bai zo ba.

Kada in yi ƙarya, yana zuwa har yanzu.
Sau biyu a mako, wani makon uku,
amma da a kowane dare ne.
Ranar Lahadi nakan zauna in yi cajin kaina
ina sauraron wasan ƙwallo a rediyo.
Jiya na mayar da wani gashin ƙarfe
cikin agogon aljihun wani tsoho, hannuna bai girgiza ba.

Wani daren nakan farka biyu da minti goma sha huɗu,
ba ciwo, ba komai,
in kwanta shiru cikin duhu
ina ƙirga daƙiƙa sittin.